Awo biyar, ɗaya ya fita zakka: in jefar da shi ko in bar shi?

Ɗalibar Kemistiri:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, don kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan gubar dalma ne a ruwan rijiyoyi. Ɗaya daga cikin rijiyoyin tana bayan layinmu a nan cikin gari, kusa da wani fili da ake fasa tsofaffin batiran mota, kuma gida ya fi goma da ke ɗiba a cikinta. Na auna ruwanta sau biyar, ga abin da na samu, miligiram a kowace lita: 0.012, 0.014, 0.011, 0.013, sai 0.021. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha ita ce 0.01, haka ma take a ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Tambayata biyu ce. Wannan 0.021 ɗin, ina da ikon cire shi? Sannan zan iya rubuta cewa ruwan ya haura iyaka? Ƙannena ma shi suke sha idan famfo ya ɗauke.

Ɗan Ajinku:
Wa alaikumus salam. Ke dai cire shi kawai, kowa haka yake yi. Huɗu sun tafi tare, ɗaya ya zama saniyar ware, ai a fili take kuskure ne. Ranar difens ba wanda zai tambaye ki.

Malamin Ƙididdiga:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan "kowa haka yake yi" ita ce ta lalata mana bincike da yawa. Ba a cire adadi don bai yi wa ido daɗi ba. Da farko ƙanwata, duba littafinki na lab. Akwai abin da ya faru a awo na biyar? An ɗauke wuta an koma janareta, ko bututun ya tsotsi iska, ko an canza kofi? In akwai dalili a rubuce, to cire shi ki faɗi dalilin. In babu, sai a koma gwajin Q na Dixon, lissafin da ke nuna ko adadi ya yi nisa da 'yan'uwansa har a kore shi.

Ga yadda yake. Tazarar da ke tsakanin wanda ake zargi da maƙwabcinsa, 0.021 a debe 0.014, ya ba da 0.007. Faɗin duka awon, 0.021 a debe 0.011, ya ba da 0.010. Raba na farko da na biyu, Q ya zama 0.70. A jadawali, idan awo biyar ne kuma ana son tabbaci kashi 95 cikin 100, sai Q ya wuce 0.71 kafin a kori adadi. Naki bai kai ba. Don haka yana nan daram.

Mai Digiri na Biyu:
Malam, da izininka. Mu an koya mana cewa gwajin Grubbs ne ISO, hukumar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, ta fi so yanzu. Na buga lissafin: matsakaici 0.0142, ma'aunin warwatsuwa, wato yadda awon suka bazu daga matsakaici, 0.00396. Nisan 0.021 daga matsakaici 0.0068 ne, in aka raba da 0.00396 ya ba da 1.716. Iyakar jadawali ga awo biyar 1.715 ce. Ke nan Grubbs ya ce a kore shi.

Ɗan Ajinku:
To kun gani! Ai na faɗa.

Malamin Ƙididdiga:
Lissafinka daidai ne, na sake bugawa. Amma dubi da me ya wuce: 0.001. Gwaji ɗaya ya ce bar shi da ƙyar, ɗaya ya ce kore shi da ƙyar. Abin da wannan ke nuna mana shi ne awo biyar sun yi kaɗan a yanke wannan hukunci da su. Kuma haramun ne a ilmance mutum ya yi ta zagaya gwaje-gwaje har sai ya dace da wanda ya ba shi amsar da yake so. Ana zaɓar gwaji ne tun kafin a ga sakamako.

Yanzu ga abin da nake so ku tsaya ku kalla da kyau, don shi ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu. Idan aka bar duka biyar, matsakaici 0.0142, t na jadawali, wato lambar da ake ninka shakka da ita idan awo kaɗan ne, 2.776, tazarar tabbaci, inda ake sa ran ainihin adadin yake, ta zama 0.0142 da ƙari ko ragin 0.0049. Wato daga 0.0093 zuwa 0.0191. Iyakar nan ta 0.010 tana ciki, ba za ki iya bugun ƙirji ki ce an haura ba. Idan kuwa aka cire 0.021, matsakaici ya sauko 0.0125, amma warwatsuwa ta tsuke zuwa 0.0013, t ya zama 3.182, tazarar ta koma daga 0.0104 zuwa 0.0146. Duk tana sama da iyaka. Kun gani? Cire adadi mafi girma shi ne ya mayar da ruwan "mai guba" a takarda. Wanda ya ce a cire don aiki ya yi kyau bai san cewa hukuncin rijiyar gaba ɗaya yake juyawa ba.

Mai Digiri na Biyu:
Amma Malam, tambayarta ai ta gefe ɗaya ce: ya haura ko bai haura ba. Ba ruwanta da ƙasa. In aka yi gwajin t mai gefe ɗaya da duka biyar ɗin, t ya fito 2.37, iyaka kuma 2.132. Ke nan ko ba a cire komai ba, ya haura.

Malamin Ƙididdiga:
Na yarda da kai a nan, gefe ɗaya ya fi dacewa da tambaya irin ta iyakar hukuma, matuƙar dai an tsara haka tun farko. Wannan t ɗin ma da muke ta juyawa, don irin wannan matsala ta ƙarancin awo aka samar da shi. William Gosset ne ya fitar da shi a 1908, masanin sinadarai ne da ke aiki a kamfanin Guinness a Dublin, kamfanin bai yarda ma'aikatansa su buga bincike da sunansu ba, sai ya sa wa kansa suna Student. Ɗan lab ne irinku, samfur kaɗan yake samu, yana neman sanin iya inda zai amince da su.

Baba Tsohon Ɗan Lab:
Salamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Shekara 31 na yi ina wanke kwalabe da kunna na'ura kafin in yi ritaya, lissafinku kuma ban ga aibinsa ba. Sai dai kuna ta gardama a kan rufin ɗaki ba wanda ya duba harsashi. 'Yata, amsa mini waɗannan. Da wace na'ura kika auna? Awo biyar ɗin nan, kwalba biyar kika ɗebo daga rijiya, ko kwalba ɗaya ce aka tsotsa sau biyar? Kin auna fanko, wato tataccen ruwa da asid ɗinki ba tare da samfur ba? Sitanda mafi ƙanƙanta, wato ruwan da aka san yawan dalmarsa da aka ja layin awon na'ura da shi, nawa ne? A me kika ɗebo ruwan, kuma kin zuba masa asid a bakin rijiya?

Ɗalibar Kemistiri:
Baba, ina wuni. Na'urar AAS ce mai harshen wuta, wadda ke auna ƙarafa ta yawan hasken da suke tsotsewa. Kwalba ɗaya ce, aka tsotsa sau biyar a jere. An auna fanko sau bakwai, warwatsuwarsa ta kai 0.004, amma mai kula da na'urar ya ce kar in damu, ya mayar da ita sifili. Sitanda 0.5, 1, 2 da 5 aka yi amfani da su. A robar ruwan sha na ɗebo, na ɗauraye ta sau uku da ruwan rijiyar. Asid sai bayan kwana huɗu aka zuba a lab.

Baba Tsohon Ɗan Lab:
Lafiya lau 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya. To ki yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Ƙa'idar da muke bi ita ce, mafi ƙarancin abin da na'ura za ta iya cewa "na gani" shi ne warwatsuwar fanko sau uku. Naki 0.004 sau uku, 0.012. Mafi ƙarancin abin da za ta iya sa wa adadi a yarda da shi kuwa sau goma ne, 0.04. Duba awonki. Huɗu suna zaune a bakin 0.012, na biyar ma ko rabin 0.04 da ƙyar ya wuce. Wato na'urar tana lalube ne a cikin duhu. Wannan 0.021 da ake ta shari'a a kansa, tsalle irin nasa ba abin mamaki ba ne a inda fanko kansa ke rawa haka. AAS mai harshen wuta tana da kyau a kan ƙarfe ko tutiya ko jan ƙarfe, amma dalma a matakin 0.01 ta fi ƙarfinta in ba a tattara samfurin ba. Aikin AAS mai tanderun girafait ne ko na'urar ICP-MS, waɗanda suka fi ta ganin ƙanƙanin abu.

Sai layin awo. Ƙaramin sitandanki 0.5, kina karanta 0.012, ƙasa da shi sau arba'in. Kamar a ɗauki sikelin da ake auna buhun masara a ce a auna zoben gwal. Zai nuna lamba, na'ura ba ta taɓa ƙin nuna lamba, amma lambar ba shaida ba ce.

Na uku, tsotsa sau biyar daga kwalba ɗaya yana gaya miki rawar na'ura ne kawai a cikin minti biyar ɗin nan. Bai ce komai ba a kan rijiyar: safe da yamma, sama da ƙasa, rani da damina. Na huɗu, ruwan da ya kwana huɗu ba asid, dalma na manne wa jikin roba, don haka ake zuba asid na naitirik tun a wurin ɗiba har pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2. Wannan kuskuren ƙasa yake ja da sakamako. Mai yiwuwa abin da ke rijiyar ya fi abin da kika gani.

Malamin Ƙididdiga:
Baba ya gama magana, na sauke hulata. Duk t da Q da muka yi, warwatsuwa kawai suke gani. Ba sa ganin kuskuren da ya karkata gefe guda. Mudun da aka buga wa gindi, in ka auna da shi sau ɗari zai ba ka abu ɗaya sau ɗari, kuma duk a tauye. Maimaici ba ya tona shi, sai an kawo mudun gaskiya an gwada.

Baba Tsohon Ɗan Lab:
Mudun gaskiyar a wurinmu shi ne samfur mai takardar shaida wanda aka san abin da ke cikinsa, in babu kuma sai ka zuba dalma da ka san yawanta a cikin samfurinka ka ga nawa za ta dawo. Bari in ƙara wani da yaranmu ba sa lura da shi a Kano. Fifet, bututun gilashin awon ruwa, mai mililita 25 ajin A, kuskuren da aka yarda masa 0.03 ne, kuma a zafin digiri 20 aka daidaita shi, yana rubuce a jikinsa. A watan Afrilu ɗakin da ba na'urar sanyaya yakan kai 35. Ruwa na buɗewa da kusan kashi 0.4 cikin 100 tsakanin 20 da 35, wato kusan 0.1 a mililita 25, ninki uku na abin da aka yarda wa gilashin. A aikin 'yata wannan ba shi ne babba ba, amma mai taitireshan, wato awon sinadari ta ɗiga ruwa, da ke rubuta lamba huɗu bayan ɗigo ya sani. Da hunturu kuma ƙura ce, ka bar kofi a buɗe minti goma ka auna abin da iska ta kawo.

Alhaji na Dawanau:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, yarona ne ya sa ni a nan saboda harkar fitar da kaya. Amma maganar kwalba ɗaya ta taɓa ni. Na taɓa kai gyaɗa gwajin afulatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa, aka ɗebi 'yar kaɗan a buhu biyu na bakin ƙofa, takarda ta fito fes. Mai saye ya sa aka sake ɗiba a can, aka ce ta faɗi. Na yi asarar da har yau ban manta ba. Na ɗauka cuta ce, sai daga baya wani ya fahimtar da ni cewa gubar ba ta bazu ko'ina ba, ƙwaya kaɗan ne masu ruɓa ke ɗauke da ita, in hannunka bai faɗa kansu ba shi ke nan. Turai kuma microgiram 4 kacal suka yarda a kilo ga gyaɗar da za a ci kai tsaye. To Malamai, lab biyu su auna abu ɗaya su saɓa, wa ke da gaskiya?

Mai Digiri na Biyu:
Allah ya mayar da alheri Alhaji. A gyaɗa, ɗiban samfur ya fi na'ura kawo saɓani nesa ba kusa ba, shi ya sa tsarin Codex, ƙa'idar abinci ta duniya, ya ce a tara kilo 20 daga wurare daban-daban na kayan a niƙe gaba ɗaya kafin a ɗebi na gwaji. Saɓani tsakanin lab da lab kuwa dole ne, ko da kowa ya yi aikinsa daidai. William Horwitz na hukumar abinci da magunguna ta Amurka ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a 1980, ya nuna cewa duk sanda abin da ake nema ya ƙanƙance, saɓanin ƙaruwa yake. A miligiram 1 cikin kilo ana sa ran kusan kashi 16 cikin 100, in aka sauka ƙasa ya fi haka. Don haka lab mai shaidar ƙwarewa ta ISO 17025 ke lissafa iyakar shakkar awonsa, ya rubuta adadi da ƙari ko ragi, galibi a ninka da 2 don a kai kusan kashi 95. In za ka sake kai kaya, ka nemi a rubuta maka wannan a takardar.

Anti Nas:
Ku gafarce ni, ni hankalina ba ya kan furojet. Yarinyar nan ta ce ƙannenta na shan ruwan nan, kuma ana fasa batir a gefen rijiyar. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinare da ake dakawa a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mataki na dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin yaro na tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar na babba. Yanzu ku ce mata awonta ba shaida ba ne, sai ta koma gida ta yi shiru, mutane su ci gaba da dama wa jarirai koko da shi? Ni wannan ban yarda ba.

Baba Tsohon Ɗan Lab:
Hajiya, ban ce ruwan lafiya yake ba, Allah ya kiyaye in faɗi haka. Na ce na'urar ba ta iya gani a wurin ba. Kasa gani daban, babu daban. Na ma ce jinkirin asid na iya ɓoye wani abu. Abin da nake gudu shi ne ta shiga unguwa da takarda ta ce kimiyya ta tabbatar, gobe masu batir su kawo tasu takardar daga wani lab ta ce "ba a gano ba", alhali su ma da irin wannan na'urar aka yi, sai a ce yarinya ta yi ƙarya. Daga ranar ko ta zo da sahihin sakamako ba mai saurarenta.

Anti Nas:
To amma kafin sahihin ya zo fa, Baba? Wata nawa? Kuskure iri biyu ne a gabanmu kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. In muka ce a daina sha alhali ruwan lafiya, asarar kuɗin 'yan garuwa ce. In muka yi shiru alhali akwai, ƙwaƙwalwar yaro ce, kuma ba ta dawowa.

Malamin Ƙididdiga:
Hajiya ta faɗi abin da muke koyarwa a aji da sunan kuskure na ɗaya da na biyu, kuma ta fi mu iya faɗa. Kashi 95 ɗin nan al'ada ce ta masu bincike, an gina ta ne don kada a yi saurin cewa akwai. Ba ita za ta yanke wa uwa hukuncin ruwan da za ta ba jariri ba. A ganina abin da za a rubuta a furojet daban, abin da za a gaya wa maƙwabta daban, kuma duka biyun gaskiya ne. A takarda: an ga alama a daidai iyakar ganin na'ura, ba a iya sa mata adadi ba. A unguwa: akwai wurin fasa batir kusa, gwajin farko bai wanke rijiyar ba, a nema wa yara da masu ciki wani ruwan har a tabbatar.

Ɗan Ajinku:
Amma Malam in ta rubuta "ba a iya sa adadi ba", ai kamar ba ta yi komai ba ne. Sufabaiza lambobi yake so da jadawali. Ni nawa ma haka na samu a kadmiyom, har da masu alamar debewa, na mayar da su sifili.

Malamin Ƙididdiga:
Ka koma ka gyara tun kafin ka ɗaure littafin. Adadi mai alamar debewa yana gaya maka kana cikin rawar fanko ne, sai ka rubuta "ƙasa da" iyakar ganin na'urarka, ka faɗi iyakar. Sifili da'awa ce babba, kana cewa babu ko ɗis, kuma ba ka da hujjarta. Wani zai zo ya ɗauko aikinka ya kafa hujja da shi shekara biyar nan gaba.

Ɗalibar Kemistiri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba littafina, ba abin da na rubuta a kan awo na biyar, don haka ba zan cire shi ba. Na yi wa Mama bayani da daddare, ta ce za ta yi wa matan layin magana a kan ruwan yara, Abba kuma zai ga mai unguwa a kan filin batir ɗin. Wata maƙwabciya ta ce ai suna tafasawa. Na tambayi kuɗin mai tanderun girafait, ya fi ƙarfina a yanzu. Baba, akwai wata hanya da wannan na'urar tamu?

Anti Nas:
Ki gaya mata tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, dalma tana nan, ƙara kauri ma take yi in ruwan ya ƙone. Yaran da suka daɗe suna sha kuma a kai su asibiti a nemi gwajin dalma a jini.

Baba Tsohon Ɗan Lab:
Akwai, sai dai tana son haƙuri. Ki jiƙa robobinki a ruwan asid na naitirik su kwana, ki ɗauraye da tataccen ruwa. Ki ɗebo kwalba uku daban-daban, a ranaku daban in zai yiwu, ki zuba asid nan take a bakin rijiya. Ki tafi da kwalba ta huɗu mai tataccen ruwa, ki buɗe ta a wurin, ki zuba mata asid ɗin, ta bi duk hanyar da sauran za su bi. A lab ki ɗauki mililita 500 daga kowace, ki ƙafar da shi a hankali a kan faranti mai zafi cikin akwatin hayaƙi, kar ya tafasa ya yi tsartuwa, kar kuma ya bushe ƙurmus, ki mayar da shi 25. Kin tattara shi sau 20 ke nan, 0.012 zai koma wajen 0.24, inda na'urar ke gani da idonta biyu. Ki haɗa sitanda daga 0.1 zuwa 1 don samfurin ya faɗo a tsakiyarsu. Ɗaya daga cikin kwalaben ki raba ta biyu, ki zuba wa rabi dalmar da kika san yawanta kafin ki ɗora a wuta, mu ga nawa za ta dawo. Kuma kar ki bari a mayar miki da fanko sifili ba ki rubuta abin da ya nuna ba, ki tsaya a kan mai na'urar da biro a hannu. In kin samu lambobin ki kawo su nan, da na fankon gaba ɗaya.